Yadda Ake Tsara Shaguna da Gidajen Abinci a Filin Jirgin Sama Domin Ƙara Kuɗin Shiga

Ta ƙofa biyu kuɗi ke shiga asusun filin jirgin sama. Ta farko ita ce ta kamfanonin jiragen, wato kuɗin sauka da na ajiye jirgi da abin da ake ɗora wa kowane fasinja a cikin tikitinsa, kuma a ƙasashe da yawa wata hukumar gwamnati ce ke ƙayyade wannan kuɗi, ga shi kullum kamfanonin jiragen suna kukan ya yi musu yawa. Ta biyu ita ce ta kasuwanci, wadda ta haɗa shaguna da gidajen abinci da wurin ajiye motoci da allunan talla da hayar gine-gine. Alƙaluman ƙungiyar filayen jiragen sama ta duniya, ACI, sun daɗe suna nuna cewa wannan ƙofa ta biyu tana kawo kusan kashi 40 cikin ɗari na kuɗin shigar filayen jirage, kuma a nan ne hukumar filin ke da sararin ƙara abin da take samu da dabararta.

Shagon farko na kayan da aka yafe wa haraji an buɗe shi ne a 1947 a filin jirgin Shannon da ke ƙasar Ireland, bisa shawarar Brendan O'Regan. Jiragen wancan zamani sai sun tsaya a can sun sha mai kafin su tsallaka Tekun Atlantika, fasinjoji kuwa suna zaune ba abin yi. Daga wannan zaman jira kasuwar ta samo asali, kuma har yau a kansa take tsaye. Abin da hukumar filin jirgi ke sayar wa 'yan kasuwa shi ne mintunan da fasinja ya samu bayan ya gama da binciken tsaro, hankalinsa a kwance, bai riga ya tafi ƙofar shiga jirgi ba. Duk matakan da ke tafe a kan waɗannan mintuna suka ginu.

Mataki na farko: a san abin da doka ta yarda da shi

Kafin a zana shago ko ɗaya, a zauna da lauyoyin hukumar da jami'an kwastam a tantance abu biyu. Na ɗaya, wane tsari ake bi wajen ƙayyade kuɗin da ake cajin kamfanonin jirage. A tsarin asusu ɗaya, ribar shaguna tana shiga lissafin rage wa kamfanonin jirage caji, kamar yadda ake yi a Heathrow da ke Landan, a tsarin asusu biyu kuwa ribar kasuwanci ta hukumar filin ce ita kaɗai. Wannan shi ke nuna nawa ne zai zauna a hannun hukumar daga duk ƙarin da aka samu. Na biyu, wane fasinja ne ya cancanci sayen kayan da aka yafe wa haraji, kuma har nawa. Doka a nan tana sauyawa, wani lokaci a dare ɗaya: Tarayyar Turai ta soke irin wannan ciniki ga masu tafiya tsakanin ƙasashenta a tsakiyar 1999, Birtaniya kuma ta janye yafiyar harajin saye a kan yawancin kayan da ake sayarwa a filayen jiragenta daga Janairun 2021. Wasu ƙasashen sun yarda a buɗe irin wannan shago a ɓangaren masu sauka, wasu ba su yarda ba. Shirin da ya jingina gaba ɗaya a kan yafiyar haraji yana buƙatar a tanadar masa mafita tun daga farko.

Mataki na biyu: a san wane ne fasinjan

Adadin fasinjoji na shekara ba ya gaya wa mai tsarawa komai sai girman filin. Abin da ake bukata shi ne a rarraba su: masu tashi da masu sauka da masu sauya jirgi, masu tafiyar cikin gida da masu fita waje, 'yan kasuwa masu tafiya kowane mako da iyalai masu tafiya sau ɗaya a shekara, sannan ƙasashen da suka fito da waɗanda za su. Mai sauka ba ya tsayawa, burinsa ya ɗauki jakarsa ya fita, saboda haka yawancin ciniki daga masu tashi da masu sauya jirgi yake fitowa. Ɗan kasuwar da ya saba da filin yakan iso a ƙurarren lokaci, ya wuce ɗakin hutun kamfanin jirginsa, ba ya ko waiwayen shago. Iyali masu yara kuwa sukan iso da wuri, kuma abinci da wurin zama suka fi nema.

Hanyoyin samun wannan bayani suna nan a hannu. Jadawalin jirage yana nuna sa'o'in cunkoso da sa'o'in da zaure ke zama wayam. Katin shiga jirgi da ake dubawa a ƙofar bincike yana nuna mintuna nawa kowane fasinja ya iso kafin tashin jirginsa, kuma idan shagon ya duba katin a wurin biya, za a ga wace hanya ce fasinjojinta suka fi saye da irin kayan da suke ɗauka. A ƙara da tambayar fasinjoji baki da baki a ƙofar shiga jirgi, musamman waɗanda ba su sayi komai ba, domin su ne suka fi yawa kuma amsarsu ta fi amfani. Duk wannan a yi shi cikin kiyaye dokar kare bayanan mutane ta ƙasar da filin yake.

Daga nan sai a fitar da lissafin da zai zama ma'aunin duk shirin. Cinikin zaure shi ne adadin fasinjoji, a ninka da kason waɗanda suka saya, a ninka da matsakaicin abin da kowane mai saye ya kashe. A ɗauka misali fasinja 1,000 sun wuce, 200 daga cikinsu suka saya. Idan aka kai masu saye 240 ba tare da an taɓa farashi ba, ciniki ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari. Hukumar filin ba ta da iko sosai a kan adadin fasinjoji, farashi kuma akwai inda ba zai wuce ba, don haka kason masu saye shi ne wurin da aiki ya fi biya.

Mataki na uku: a ƙwato wa fasinja lokacinsa

Wannan mataki ba a ofishin kasuwanci ake yin sa ba, shi ya sa ake yawan tsallake shi. Duk mintin da fasinja ya ɓata a layin ajiye kaya, ko na binciken tsaro, ko na duba fasfo, daga lokacin cinikinsa aka cire shi. Illar ma ta wuce ta lokaci, domin wanda ya fito daga dogon layi yana fitowa ne a gajiye, ransa a ɓace, idonsa a kan agogo.

Na taɓa tsayawa a bayan wurin bincike na wani filin jirgi ina kallon masu fitowa. Babban shagon turare yana nan daf da bakin na'urar, an ƙawata shi da fitilu, amma ba a bar ko benci ɗaya a tsakani ba. Mutum zai fito da takalminsa a hannu, bel a kafaɗa, kwamfuta a hammata, yana lalube aljihu ya tabbatar fasfonsa na nan. Kafin ya kimtsa ya riga ya ratsa rabin shagon bai ga komai ba, sai neman allon jadawalin jirage yake, allon kuwa yana can gaba bayan shagon ya ƙare. Mafi tsadar wuri a duk ginin ya zama wurin ɗaura bel.

Gyaran wannan ba ya cin kuɗi da yawa. A bar fili bayan bincike mai tebura da kujeru inda fasinja zai kimtsa, a kafa allon jadawali a nan inda zai gan shi da zarar ya ɗaga kai, a rubuta mintuna nawa ake tafiya a ƙafa zuwa kowace ƙofa. Fasinjan da ya san saura masa minti 70 kuma ƙofarsa tafiyar minti 6 ce zai zauna ya ci abinci, wanda bai sani ba kuwa zai tafi ƙofar ya zauna a can har a kira jirgi. Wasu filayen, irin su Heathrow, ba sa bayyana lambar ƙofa sai lokacin tashi ya matso, domin mutane su zauna a babban zaure. Dabarar tana aiki, amma sai an gaya wa fasinja ƙarfe nawa za a bayyana ƙofar, in ba haka ba zai tsaya ƙiƙam a gaban allo, wanda ke tsaye a gaban allo kuwa ba ya sayen komai.

Saboda haka shugaban sashen kasuwanci ya nemi kujera a teburin da ake tsara ma'aikatan bincike da na shige da fice. Ƙarin layin bincike ɗaya a sa'ar cunkoso yana iya kawo cinikin da sabon shago ba zai kawo ba.

Mataki na huɗu: a zana hanya kafin a zana shaguna

A ɗauki taswirar ginin a ja layi daga bakin bincike zuwa kowace ƙofa, a rubuta fasinja nawa ke bin kowane layi a kowace sa'a. Wurin da dukkan layukan suka haɗu shi ne wuri mai daraja, kuma darajar tana raguwa duk lokacin da hanya ta rabu. Daga nan ne tsarin nan ya fito na shagon da kowa ke ratsawa, inda hanyar fasinja ke bi ta tsakiyar babban shagon kayan da aka yafe wa haraji kafin ta fita zaure. Tsarin yana ƙara kason masu saye, amma a bar hanyar da faɗi yadda keken guragu da mai jan jaka za su wuce juna, kuma kada a nannaɗe ta har mai sauri ya ji an tsare shi.

Bayan babban shagon sai dandali mai kujeru a tsakiya, shaguna da gidajen abinci kewaye da shi, yadda wanda ke zaune zai hango allon jadawali ya kuma hango ƙofofin shaguna. Yawancin filin kasuwanci a ajiye shi a bayan bincike, domin kafin bincike hankalin fasinja bai kwanta ba. Ɓangaren waje ya isa da abin da masu rakiya da masu tarya da ma'aikatan filin ke buƙata, kuma ma'aikatan nan kasuwa ce ta kowace rana da ake yawan mantawa da ita. A can kusa da ƙofofi kuwa a sa ƙananan wuraren sayar da ruwa da kofi da abincin da ake ɗauka a hannu, saboda wanda ya isa ƙofa ba ya komawa baya. Shagon da aka kai bene na sama, ko aka ɓoye a bayan ginshiƙi, cinikinsa zai yi ƙasa komai kyawun kayansa, don haka idan dole ne a yi amfani da bene, gidan abinci na zama ko ɗakin hutu ya fi dacewa da shi.

Mataki na biyar: a zaɓi haɗin kaya da abinci

Ginshiƙan shagon da aka yafe wa haraji sanannu ne: turare da kayan kwalliya, alewa da cakulan, taba da barasa a inda doka da yanayin fasinjoji suka ba da dama. Bayansu sai tufafi da agoguna, kayan lantarki na tafiya, littattafai da magunguna, da tsarabar da ke nuna ƙasar da aka tashi. Rabon fili tsakaninsu ya fito daga bayanan mataki na biyu. Filin da yawancin jiragensa na masu arhar tikiti ne kuma gajeren zango ba zai ciyar da jerin shagunan kayan alfarma ba, ko da shugabanni suna sha'awar ganin manyan sunaye a zaurensu.

A wajen abinci, lokaci ne ke raba kasuwa. Akwai mai minti 5 wanda zai ɗauka ya wuce, akwai mai minti 20 wanda zai yi oda a kanta ya zauna, akwai mai sa'a guda wanda ke son a kawo masa a tebur, kuma zaure mai kyau yana da wuri ga kowannensu. Tun da kamfanonin jirage da yawa suka daina ba da abinci kyauta a gajerun tafiye-tafiye, wannan sashe ya ƙara nauyi. A haɗa sunayen da matafiyi ya sani daga ko'ina da na masu abincin garin da filin yake, domin na farko yana ba baƙo natsuwa, na biyu kuma shi ke bambanta filin da sauran. A tabbatar akwai abincin halal da na masu cin ganye kawai da bayanin abubuwan da wasu jikinsu ba ya ɗauka. Sa'o'in buɗewa kuma su bi jadawalin jirage, domin babu asarar da ta kai a ce jirage biyar za su tashi da asuba alhali masu kofi ba su ɗaga ƙofa ba.

Ga filin da ke da masu sauya jirgi akwai wani tarko. Tun 2006 aka taƙaita ruwan da fasinja zai wuce da shi wurin bincike zuwa mililita 100 a kowace kwalba, kuma duk da cewa wasu filayen sun sassauta bayan sun sa sababbin na'urori, dokar na nan a wurare da yawa. Wanda ya sayi turare zai sake shiga bincike a wani filin dole a saka masa shi a leda ta musamman da ake liƙewa, rasit ɗinsa a ciki, in ba haka ba a karɓe a gaba. Mai sayarwa ya riƙa tambayar inda fasinja zai yada zango kafin ya karɓi kuɗinsa.

Mataki na shida: a zaɓi wanda zai gudanar, a rubuta yarjejeniya

Hanyoyin huɗu ne. Hukumar na iya ba da kowane shago ga ɗan kasuwa daban, ko ta damƙa duka zauren ga babban kamfani ɗaya irin su Avolta, wanda ya samu daga haɗewar Dufry da Autogrill a 2023, ko Lagardère, ko Heinemann, ko SSP a ɓangaren abinci. Tana iya yin haɗin gwiwa a raba jari da riba, kamar yadda hukumar filayen jiragen Paris ta yi da Lagardère. Ko kuma a gudanar da kasuwar kai tsaye, kamar Dubai Duty Free da aka buɗe a Disamban 1983. Ƙaramin fili da ba shi da ƙwararrun ma'aikatan ciniki ya fi samun sauƙi da kamfani ɗaya, babba kuwa yana amfana da gasa tsakanin 'yan kasuwa da dama.

Yarjejeniyar da aka fi sani ita ce ɗan kasuwa ya biya kaso daga cinikinsa, tare da alkawarin mafi ƙarancin abin da zai biya a shekara ko ciniki ya yi ko bai yi ba, hukumar ta karɓi wanda ya fi yawa a cikin biyun. Jarabar da ke nan ita ce a ba da kwangila ga wanda ya yi alkawari mafi tsoka. Wanda ya yi alkawarin da ya fi ƙarfinsa zai rama ne ta hanyar tsawwala farashi da rage ma'aikata da ƙin gyara shago, fasinja ya daina saye, daga baya kuma ɗan kasuwar ya dawo yana roƙon a sassauta masa. Annobar korona ta 2020 ta tona asirin wannan tsari, domin zaure ya zama ba kowa amma alkawarin na nan a takarda, kuma filaye da yawa sai da suka yafe ko suka sake zaman ciniki. Abin da ya fi adalci shi ne a ɗaure mafi ƙarancin biyan da adadin fasinjoji, ya hau idan sun ƙaru, ya sauka idan sun ragu, tunda kawo fasinja aikin hukumar ne, sayar masa kuwa aikin ɗan kasuwa.

Kason ya bambanta bisa ribar kaya: turare yana ɗaukar kaso mai yawa, kayan lantarki da littattafai ba sa ɗauka, abinci kuma yana da nauyin albashi da kicin. Tsawon yarjejeniya ya isa ɗan kasuwa ya mayar da jarinsa, wanda yawanci yakan faɗa tsakanin shekara 5 zuwa 10, tare da sharaɗin sabunta shago a tsakiya. A wajen tantance masu nema, a ba tsarin shago da hidima da jarin da za a zuba maki na gaske kusa da makin kuɗi. A rubuta ƙarara cewa bayanan ciniki na kowace rana za su riƙa isa ga hukumar kai tsaye daga na'urar biya, kuma kada a bar duk yarjejeniyoyin su ƙare a shekara ɗaya.

Mataki na bakwai: farashi da abin da ke bayan bango

Fasinja yana riƙe da waya, kuma cikin daƙiƙa kaɗan zai ga farashin kaya a waje. Da zarar ya ga an ninka masa kuɗin ruwan sha, ya yanke hukunci a kan duk shagunan zauren. Filin jirgin Pittsburgh a Amurka, lokacin da ya buɗe sabon gininsa a 1992, ya wajabta wa shagunansa sayarwa a farashin cikin gari, kuma filaye da dama sun bi wannan hanya, wasu da ƙarin ɗan kaso da aka ƙayyade saboda tsadar aiki a filin jirgi. Duk wanda aka zaɓa, a sa shi a yarjejeniya, a riƙa aika masu dubawa suna kwatanta farashi, a kuma sanar da fasinjoji a fili.

Tsadar aikin kuwa gaskiya ce, kuma hukumar na iya rage ta. Duk katan ɗin da zai shiga bayan bincike sai an bincika shi, duk ma'aikaci sai an tantance shi an ba shi katin shiga, wanda ke iya ɗaukar makonni. A tanadi wuri ɗaya na karɓar kaya da bincikensu, da ɗakunan ajiya kusa da shaguna, da hanyar baya ta kaya da shara wadda ba ta ratsa ta cikin fasinjoji. Gidan abinci yana buƙatar ruwa da magudana da bututun fitar da hayaƙi da isasshiyar wuta, kuma saka su bayan an gama gini yana cin ninkin kuɗin saka su tun a zane.

Mataki na takwas: a auna, a gyara

Kowane wata a duba cinikin da ya faɗa kan kowane fasinja mai tashi, da kason masu saye, da matsakaicin kuɗin rasit ɗaya, da cinikin kowane murabba'in mita, a jera su kusa da tsawon layin bincike na wannan watan da sakamakon jin ra'ayin fasinjoji. A karanta su tare, domin ciniki na iya hawa saboda fasinjoji sun ƙaru alhali abin da kowannensu ke kashewa yana sauka, haka kuma sauyin darajar kuɗin wata ƙasa ko soke hanyar jirgi ɗaya na iya girgiza shagon da ba shi da laifin komai. A ware ƙananan wurare biyu ko uku na hayar 'yan watanni domin gwada sabon kaya ko sabon mai abinci kafin a ba shi doguwar yarjejeniya, a kuma gwada yin oda ta waya tun daga gida a karɓa a filin, musamman ga fasinjan da ya saba isowa a makare. Sannan duk bayan wata uku a zauna da 'yan kasuwa da kamfanonin jirage da shugabannin bincike a teburi ɗaya, a gabatar musu da jadawalin jirage na zango mai zuwa tun kafin ya fara aiki, domin kowane shago ya daidaita kayansa da ma'aikatansa da sa'o'in buɗewarsa a kansa.